Shagon kayan ƙwallon tsohon rafali a Sabon Gari: abin da na saya da yadda ya kaya a fili

Shekara tara ke nan ina riƙe da ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara 17 a unguwarmu, kuma a tsawon lokacin nan duk inda na ga araha nan nake sayen kaya. Jesi daga wannan rumfa, safa daga waccan, makarin ƙwauri kuwa kowane yaro ya nemo nasa. Abin da ya kai ni shagon da zan ba ku labarinsa wani wasa ne da muka buga cikin hunturun bara, a wata gasar unguwanni, da ƙarfe takwas na safe.

Ranar sanyi ake yi irin mai fasa leɓe. Yarana huɗu suka sa farar riga mai dogon hannu a ƙarƙashin koriyar jesinmu. Biyu sun naɗe idon sawu da farin salatif a kan baƙar safa. Mai tsaron bayanmu kuma, yaron da na fi dogara da shi, yana da zoben azurfa da mahaifinsa ya ba shi, ya lulluɓe shi da filasta kamar yadda ya saba. Rafali ya jera su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙasan takalmi, yana taɓa ƙwauri, yana cewa a buɗe hannu. Kafin ya kai ƙarshen layi ya ware mini mutum bakwai gefe. Masu farar riga suka tuɓe suna rawar ɗari, masu salatif suka ɓare. Zobe ne ya ƙi fita, don ya shekara biyu a yatsan, yaro kuwa ya ƙara girma. Na ƙi canza shi da wani, a ganina aikin minti ɗaya ne. Aka busa, muka fara da mutum goma, muna gefe da sabulu da ruwan leda muna fama. A minti na shida aka zura mana ta daidai gurbinsa, kuma da wannan ƙwallo ɗaya aka fitar da mu.

Na bar filin ina jin haushin rafalin. Kocin ɗaya ɓangaren, wanda ya girme ni a harkar, ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗan'uwa, mutumin nan bai zalunce ka ba. Ka je Sabon Gari wajen Baba, ka sayi kayanka a can, ka huta.”

Shagon ƙarami ne, a wani layi da ba shi da nisa da filin wasa na Sabon Gari a nan Kano. Mutum uku in suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Takalma na rataye daga silin da igiyoyinsu, ƙwallaye cikin raga a ƙofa, warin sabuwar roba ya cika ko'ina, can ƙurya kuma injin manna lamba ne da wani saurayi ke kula da shi. Mai shagon dattijo ne da ya yi shekaru yana busa wasa kafin gwiwa ta ajiye shi, kuma har yanzu usur ɗinsa na rataye a ƙusa bayan kujerarsa. Bayan mun gaisa na ce ina son kayan mutum goma sha takwas. Bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Ya ce, “Koci, wace kala ce hannun jesinka? Ba jikin ba, hannun.”

Daga wannan tambayar na gane bambancinsa da sauran masu shago. Ya ciro waya ya buɗe mini kundin dokokin ƙwallo na hukumar IFAB, mai tsara dokoki 17 da duniya ke bi, ya gangara zuwa doka ta 4 wadda ta shafi kayan ɗan wasa. Ya ce duk ranar 1 ga Yuli sabon kundi ke fara aiki, shi kuma ba ya bari wata ya ƙare bai karanta abin da aka canza ba. 'Yar cikin da ta leƙo waje dole ta zama kalar hannun jesi. Wandon matsi na ƙasa dole ya zama kalar gajeren wando ko kalar bakinsa na ƙasa, kuma duk 'yan ƙungiya kala ɗaya. Salatif ko duk abin da aka naɗa a kan safa dole ya zama kalar wurin da ya rufe. Ashe duk abin da rafalin nan ya yi mini a rubuce yake, ni ne ban karanta ba.

Jesin da na zaɓa koriya ce, yadinta mai ƙananan huda da ke shan iska, ɗinkin hammata ninki biyu. Kuɗinta ya ɗara na kasuwa da abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sai da na yi jim kafin na amince. Bayan wata takwas ana wanki duk mako, ba wadda ta yage ba wadda ta koɗe, alhali ta baya ko wata uku ba ta yi ba ta zama ruwan toka. Araha ba ta ado, na yarda. Ya haɗa mini da 'yan ciki masu dogon hannu guda goma sha takwas, ya fito da su bakin ƙofa ya ɗora kan jesin a hasken rana don mu tabbatar koren ɗaya ne, don a cewarsa fitilar shago na yi wa ido ƙarya. Na mai tsaron raga ya ba ni kala biyu, ruwan lemo da shunayya, ya ce in riƙa tafiya da duka biyun, saboda dole gola ya bambanta da sauran 'yan wasa da kuma alƙalai, kuma ba ka san rigar da rafali zai zo da ita ba.

A bango akwai tsohon hoton 'yan Kamaru sanye da jesi marar hannu. Na ce masa ina son irinta saboda zafin Kano. Ya yi dariya ya ce ai don masu irin tambayata ya liƙa hoton. Da wannan rigar ta kamfanin Puma suka ci kofin Afirka a Mali a 2002, amma da aka zo gasar kofin duniya a shekarar FIFA ta ce sam, sai da aka ɗinka mata baƙin hannu. A 2004 a Tunisiya suka sake zuwa da riga da wando a haɗe, kuma da ita suka fito wasan kusa da kusa da na ƙarshe da Najeriya, wanda Okocha ya farke da bugun tazara, Utaka ya ƙara ta biyu. FIFA ta ci su tara, ta kuma zaftare musu maki shida a wasannin neman gurbin kofin duniya, kafin daga baya ta mayar musu da makin. “In an yi wa Kamaru haka,” in ji Baba, “kai wa zai ƙyale ka?” Ni na kalli wasan nan a gidan kallo ina saurayi, na tuna bugun Okocha sarai, amma ban taɓa lura da rigar ba sai ranar.

Makarin ƙwauri shi ne inda na ga ya fi tsanani. Yaran yanzu suna son ɗan mitsitsin nan da bai fi katin waya biyu ba, irin wanda suke gani a ƙafar manyan 'yan wasan Turai, wasu ma kwali suke yankawa su cusa a safa. Baba yana da ƙananan, amma ya ce ba zai sayar mini da su don yara ba. Ya bayyana cewa tun kakar 2024/25 dokar ta ɗora alhakin girman makari da dacewarsa a kan ɗan wasan kansa, don haka rafali ba zai tsaya auna shi ba, zai dai tabbatar akwai shi kuma safa ta rufe shi. “To in an karya yaro ɗan shekara sha biyar, wa za a tambaya? Kai ne uban a fili.” Na sayi masu tsayi, masu soso a ciki. Yarana sun yi ta ƙorafi mako biyu, daga baya suka saba. Ya kuma sa na ɗauki kambun kyaftin, don a kakar 2024/25 ɗin aka mayar da shi dole.

Sai muka zo kan zobe, wanda shi ne ainihin ciwona. Na ba shi labarin yarona, na ce ni dai ban ga laifin filasta ba tunda ta rufe ƙarfen. Ya ce dokar da ke aiki a lokacin ta faɗi ƙarara cewa rufe kayan ado da salatif ba ya halatta su. Sarƙa, zobe, abin hannu, ɗan kunne, igiyar fata, robar nan da matasa ke sawa a wuyan hannu, duk a cire. Filasta tana ɓoye zobe ne, ba ta hana shi maƙalewa. Ya ba ni labarin Paulo Diogo, ɗan wasan Servette ta Suwizalan, wanda a Disambar 2004 ya haye shingen ƙarfe yana murnar ƙwallo, zoben aurensa ya maƙale, ya diro ya bar rabin yatsa a can, likitoci kuma suka kasa mayar da shi. Na tuna ragar golanmu da aka ɗaure da waya a jikin ƙarfe, da shingen makarantar da yara ke tsallakawa su ɗauko ƙwallo, jikina ya yi sanyi.

Na ce amma ai muna ganin manya da sarƙa a talabijin. Ya ce kuskuren alƙalai ne, kuma ana kama su. A Katar a 2022, wasan Faransa da Poland, Jules Koundé ya kusan kai hutun rabin lokaci da sarƙar zinariya a wuya kafin a lura, aka sa wani daga bencinsu ya zo bakin layi ya cire masa duniya na kallo. Yadda tsarin yake shi ne rafali ya umarci ɗan wasa ya cire. In ya kasa ko ya ƙi, ya fita daga fili da zarar wasa ya tsaya. In ya yi taurin kai ko ya sake mayarwa, katin gargaɗi. Wanda ya fita gyara kaya kuma ba ya komawa sai an duba shi rafali ya yi masa izini, in ya faɗa fili da kansa nan ma kati ne.

Abin da ya nuna mini bayan nan ya fi mini duk kayan da na saya amfani. Ya kira saurayin da ke kan inji, wanda ke da matsattsen zobe, ya ciro zaren ɗinki mai kauri. Ya cusa bakin zaren ta ƙarƙashin zoben zuwa wajen tafin hannu, sauran kuma ya naɗe shi a yatsan tsaf-tsaf, zagaye na manne da zagaye, har ya wuce gaɓa. Ya ɗiga ruwan sabulu, sannan ya kama guntun bakin nan ya fara warwarewa a hankali. Zoben ya riƙa tafiya a kan zaren, ya haye gaɓar, ya faɗo tafin hannunsa. Ko minti biyu ba a yi ba. Na tsaya ina kallon zoben, ina tuna mu a gefen fili da ruwan leda. Bai karɓi ko sisi a kan wannan ba, har zaren ya ba ni.

Yana sayar da wani ɗan akwatin roba mai gida-gida, irin wanda masu ɗinki ke zuba maɓalli, ya rubuta lamba 1 zuwa 18 a kan gidajen. Kafin wasa kowane yaro ya zuba abinsa a gidan lambar jesinsa, a rufe, akwatin ya zauna a jakata. Zobe, agogo, ɗan ƙirgen tasbihi na yatsa, duk nan suke shiga. Da yawan yaran da ke ƙin cire zobe tsoron ɓata suke yi, don abin kyautar uwa ne ko uba, kuma akwatin nan ya kashe wannan gardamar gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a filayenmu amma ba a cika faɗa ba, wato laya da kambu da guru. Na tambaye shi yadda yake yi da su lokacin da yake busa. Ya ce dokar ba ta kira laya da suna ba, amma ta hana igiyar fata da duk abin da zai iya cutar da mai shi ko wani, kuma kambu a damtse yatsan abokin karawa na iya shiga ciki. Sai dai bai taɓa tona yaro a gaban jama'a ba. Yakan ja shi gefe ya ce, “Ɗana, je ka ba kocinka ajiya, bayan wasa ka karɓa.” Wannan ya burge ni ƙwarai, domin na sha ganin alƙalan da ke ɗaga layar yaro sama 'yan kallo na ihu, yaron ya buga wasan gaba ɗaya kansa a ƙasa. Doka ɗaya ce, amma wani ya iya aiki da ita wani bai iya ba. Kuma abin da ya fi damuna da gasanninmu na unguwa shi ne rashin tsayawa a magana ɗaya: wannan makon a duba har farce, mako mai zuwa wani rafalin ya bar yaro da sarƙa tana lilo. Yaro ba zai ɗauki doka da muhimmanci ba in ya ga ta danganta da wanda ya riƙe usur.

Wuri ɗaya ne muka yi saɓani da Baba, kuma sai da na kwana biyu kafin na sauko. A damina mun rasa wani yaronmu bayan gajeruwar rashin lafiya, Allah Ya jiƙansa. Abokansa suka roƙe ni a buga hotonsa da addu'a a gaban 'yan cikinsu, in an ci ƙwallo su ɗaga riga. Na kai aikin, Baba ya yi mini ta'aziyya, ya yi shiru, sannan ya ce zai buga in na dage, amma in sani doka ta 4 ta hana rubutu ko hoto na siyasa, na addini ko na ƙashin kai a kayan wasa, har da 'yar ciki. Hukuncin rubutun yana hannun masu shirya gasa, cire riga ko rufe kai da ita wajen murna kuwa kati ne nan take. Ya tuna mini Mohamed Aboutrika na Masar, da ya ɗaga riga a kofin Afirka na 2008 a Ghana, a wasansu da Sudan, ya nuna saƙon tausaya wa Gaza, aka ba shi katin gargaɗi. Na ce masa wannan ai addu'a ce ga mamaci, wa za ta ɓata wa rai? Ya ce shi ma zuciyarsa na tare da ni, amma rafali ba shi da ikon zaɓar saƙon da ya yi masa daɗi. Ya ba da shawara mu nemi izinin masu gasa mu ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, a yi shiru na minti ɗaya, rigunan hoton kuma yara su sa wajen motsa jiki kafin wasa. Haka muka yi. Mahaifin yaron ya zo filin ranar, ya ga abokan ɗansa sanye da hotonsa, ya zauna har aka tashi. Har yanzu ina ganin dokar ta yi tsauri a irin wannan hali, amma da na bi son raina da na jawo wa yaran kati a ranar da suke cikin juyayi.

'Yar ƙanwata tana buga wa makarantarsu, don haka na tambaya ko yana da abin rufe kai na wasa. Yana da shi, na yadi mai miƙewa da ake zurawa ba fil ba maɓalli. Ya ce tun 2014 IFAB ta halatta shi, da sharaɗin ya zama baƙi ko kalar jesi, kada a haɗe shi da rigar, kada ya kasance da abin ɗaurewa a wuya ko wani abu da ya turo waje. Irinsa Nouhaila Benzina ta Maroko ta sa a kofin duniya na mata a 2023. Baƙi kawai yake da shi, girma biyu, kuma ƙaramin ma ya yi wa yarinyar yawa, sai da tela ya rage shi. A gari kamar Kano ya kamata a ce ya fi haka tanadi a wannan ɓangaren, na kuma faɗa masa.

Akwai sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba. An ce mini kwana huɗu lambobi za su kammala, sai da na yi zuwa uku, a rana ta tara na karɓa, kullum maganar wuta ce, ga shi ba su da janareta. Lambobin jesi huɗu sun fara ɗagowa daga gefe bayan wanki na uku, ina zargin an manna su injin bai gama zafi ba. A cikin safa goma sha takwas, ƙafa uku baƙinsu ya fi na sauran haske, ban lura ba sai a gida, ko da yake ya canza mini su ba musu. Ba ya ba da rasit sai ka tambaya, wanda ga mai riƙe da kuɗin gudummawar iyaye ba ƙaramin abu ba ne. Takalmansa kuma ba su da yawa, kuma sun yi tsada, wannan gara ka duba wani wuri. In kana sauri ma ka shirya, don Baba ba ya sallamar mutum sai ya gama bayani.

Wasanmu na farko da sababbin kayan, rafalin nan dai na ranar hunturu aka turo mana. Ya jera yaran, ya duba takalma, ya taɓa ƙwauri, ya ce a buɗe hannu. Mai tsaron bayana ya miƙa hannayensa, sai farin zagaye a yatsa inda zoben ya saba zama. Rafalin ya kai ƙarshen layi bai ware kowa ba, ya juyo ya ce, “Koci, mu je.” Mun tashi ɗaya da ɗaya.

Jesi huɗun nan masu ɗagaggiyar lamba suna cikin jakata yanzu haka. Na kira Baba jiya, ya ce in kawo ranar Asabar da safe kafin a ɗauke wuta, zai sake manna su kyauta, kuma ya yi odar abin rufe kai kore da fari, ƙananan girma, in zo da yarinyar ta gwada.